Kwas ɗin aiki da kira, a idon mai aikin dare

Kwas ne na mako goma da ake yi ta waya. Wata ƙungiyar Kiristoci ma'aikata ce take shirya shi, kuma daga farkonsa har ƙarshensa tambaya ɗaya yake bi: aikin da mutum yake yi kullum don ya ci da iyalinsa, yana da gurbi a cikin kiran da Allah ya yi masa, ko kuwa sai ya ajiye kayan aiki ya shiga majami'a sannan ya fara bauta? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin kwantar da manya, kuma yawancin aikina cikin dare nake yin sa. Na bi kwas ɗin har ƙarshe. A ganina ya cancanci lokacin da zai ci wa mutum, domin ya sauke mini nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi a zuciya. Amma akwai wurin da ya gaza ƙwarai, kuma gazawar ta fi taɓa waɗanda suka fi kowa bukatarsa.

Tsarinsa ba wuya. Kowane mako ana turo bidiyon da bai kai rabin sa'a ba, tare da 'yan shafuka na karatu da ayoyin da za a duba. Akwai aikin gida, yawanci rubutu a kan abin da ya faru a wurin aikinka cikin makon. Sai kuma a haɗu sau ɗaya ta kiran bidiyo a ƙaramin rukuni, da mai jagora guda. A rukuninmu akwai direban babbar mota, da malamar firamare, da wani ɗan'uwa akanta, da wata uwa mai aikin shara da goge-goge a wani ofis, da wani saurayi da ya gama karatu yana neman aiki.

Abin da ya kai ni shi ne wata magana da na tashi ina jin ta a bakin masu bi. In mutum ya ajiye sana'arsa ya tafi makarantar tauhidi, sai a ce ya amsa kira, ya shiga aikin Ubangiji. Ina girmama fastoci da masu bishara, nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne. Amma in shi ne ya shiga aikin Ubangiji, mu da muka rage aikin wa muke yi? Ranar Lahadin da nake bakin aiki, in na haɗu da 'yan'uwa daga baya, gaisuwar ita ce ba mu gan ki a sujada ba. Da ƙauna suke faɗa, amma kullum ina jin ta kamar tuhuma. A hankali na zauna a kan cewa amfanin aikina ga Allah biyu ne kacal: albashin da nake cire zakka da baiko daga ciki, da kuma damar da wani lokaci nake samu in yi wa majinyaci maganar Yesu. Sauran, wato allura da wankin miki da zubar da fo, na ɗauke su hidimar duniya.

Makonnin farko a Tsohon Alkawari suka tsaya. An fara da Farawa 2:15, inda Allah ya sa mutum a gonar Aidan ya nome ta ya kiyaye ta, tun kafin zunubi ya shigo. Ƙaya da sarƙaƙƙiya da zufar goshi sai a sura ta 3 suka zo. An taɓa Bezalel a Fitowa 31, wanda aka cika da Ruhun Allah don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar itace. Waɗannan na san su, kuma an wuce su da sauri, daidai yadda ya kamata.

Inda na tsaya cak shi ne labarin ungozomomin nan biyu a Fitowa 1:15-21. Sarkin Masar ya umarce su su kashe duk ɗa namiji da matan Ibraniyawa suka haifa. Suka ji tsoron Allah, suka ƙi. Littafin ya adana sunayensu, Shifra da Fuwa, shi kuwa sarkin ko sunansa ba a rubuta ba. Malamin ya ce mu lura da inda tsoron Allah nasu ya bayyana: a gaban mace mai naƙuda, hannuwansu cikin jini, a ɗakin da babu wanda zai iya cewa ga abin da ya faru. Ba su bar sana'arsu don su bauta wa Allah ba, a cikinta suka yi biyayyar da ta bar yaran Isra'ila da rai. Na sha karanta wurin nan a matsayin sharar fage kafin haihuwar Musa. Ban taɓa karanta shi a matsayin labarin abokan aikina ba sai ranar nan. Ya haɗa shi da Luka 3:12-14, inda masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi. Bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi. Tuban nasu a cikin yadda za su riƙe aikin yake.

Makon tarihin ikilisiya shi ne mafi armashi, kuma an shirya shi da kula. An kawo dokokin zaman sufaye na Benedict, wanda ya kafa gidan sufaye a Monte Cassino ta Italiya a ƙarni na 6. A ciki an umarci mai kula da kayan gidan ya ɗauki tukwane da kayan aiki kamar tsarkakan kwanonin bagade, an kuma ce kula da marar lafiya ita ce gaba da komai, a yi masa hidima kamar Almasihu ne kwance. An kawo Martin Luther da abin da ya rubuta wa manyan Jamus a 1520, cewa baduku da maƙeri da manomi kowa yana da aikinsa da matsayinsa, kuma duk wanda aka yi wa baftisma firist ne a gaban Allah. A 1522, da yake rubutu a kan aure, ya ce uban da yake wanke tsummokin jariri cikin bangaskiya, Allah da mala'ikunsa suna murna da shi. A 1527 annoba ta shiga Wittenberg, garin da yake zaune, aka kwashe jami'a zuwa wani gari, shi ya ƙi tafiya, gidansa ya koma wurin kwantar da marasa lafiya. Ya rubuta cewa wanda aikinsa ya ɗaure shi da jama'a bai kamata ya gudu ba, amma ya sha magani, ya tsabtace gida, ya kauce wa inda ba a bukatarsa don kada ya ɗauki cutar ya yaɗa. Duk wanda ya taɓa aiki a lokacin annoba zai gane cewa wannan maganar wanda ya ga abin da idonsa ce.

Sai Florence Nightingale. Mu masu jinya tun muna ɗalibai muke jin sunanta, amma hoton mace mai yawo da fitila kawai aka ba mu. Kwas ɗin ya bi rayuwarta dalla-dalla. A watan Fabrairu na 1837, tana da shekara 16, ta rubuta cewa Allah ya yi mata magana ya kira ta zuwa hidimarsa. Ba ta san wace hidima ba ce. Iyayenta masu arziki ne, kuma a zamanin ana kallon jinya aikin ƙasƙanci, don haka suka hana. Sai a 1851 ta samu ta je Kaiserswerth a Jamus ta koyi aiki a wurin mata masu hidimar ikilisiya. A 1854 ta jagoranci masu jinya 38 zuwa asibitin sojoji na Scutari, a gefen Istanbul, lokacin yaƙin Kirimiya. Bayan yaƙin ta zauna da alƙaluman mace-mace, ta nuna wa hukuma cewa cututtuka irin su kwalara da atini sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan. Abin da ya kama ni shi ne siffar da kiran nata ya ɗauka a ƙarshe: magudanar ruwa, zanin gado mai tsabta, iska a ɗakin marasa lafiya, da lissafi. Da ta raina waɗannan ta ce ba su ne na ruhaniya ba, da kiran nata bai ceci kowa ba.

Aikin gida na mako na biyar shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma shi kaɗai ma ya isa dalilin shiga. An ce kowa ya rubuta ranar aikinsa ɗaya, aiki bayan aiki, kada ya bar ko ƙarami. A gefen kowanne ya amsa tambaya biyu: wa yake amfana da wannan, kuma me zai same shi in an yi shi da sakaci? Na rubuta darena. Karɓar aiki daga masu rana, bi gado-gado, awon zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, maganin tsakar dare, duba ƙarin ruwa ko yana tafiya daidai, juya wanda ba ya iya motsi duk bayan sa'a biyu don kada bayansa ya yi gyambo, zubar da fo, rubutawa a kati. Da na zo kan rubutun kati sai na daɗe ban ci gaba ba. Duk mai wannan aiki ya san jarabar da ke zuwa wajen ƙarfe uku na dare, lokacin da gadaje suka yi yawa, ƙafa ta yi nauyi, majinyaci yana barci lafiya lau: a cike gurbin da lambar da ta yi kama da ta ɗazu ba tare da an auna ba. Babu mai kamawa. Amma da safe likita zai dubi lambobin nan ya yanke ko a ƙara magani ko a rage, ko a sallami mutum ko a riƙe shi. Ayar makon ita ce Karin Magana 11:1, cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, ma'aunin gaskiya kuwa abin jin daɗinsa ne. Na daɗe ina ɗaukar ayar ta 'yan kasuwa ce. Ashe katin majinyaci ma ma'auni ne, kuma Allah yana jin daɗin lambar da aka auna da gaske.

Da muka haɗu, direban nan ya karanta nasa. Ya ce shi a da abin da ya ɗauka na Kirista a aikinsa shi ne addu'ar da yake yi kafin ya tayar da mota da waƙoƙin sujada da yake saurara a hanya. Da ya zo cike gefen takardar sai ya ga duba birki da tayoyi, da ɗaure kaya da kyau, da tsayawa ya yi barci in ido ya fara rufewa, duk mutane ne a ƙarshensu, mutanen da ba zai taɓa sanin sunansu ba, waɗanda za su isa gida da rai saboda shi. Ya yi maganar a hankali, ba wanda ya katse shi. Malamar firamare ta ce ita kuma gyaran littattafan yara ne, wanda take iya sa alama kawai ba ta karanta ba. Wannan zaman ya nuna mini amfanin haɗa sana'o'i dabam-dabam a rukuni ɗaya. Da masu jinya ne zalla, da ƙorafin aiki muka yi muka tashi.

Makon shaida ya jawo gardama, kuma ina tare da matsayin kwas ɗin. Sun tsaya a kan 1 Bitrus 3:15-16, cewa mu kasance a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi. Sun faɗa a fili cewa barin aikin da ake biyan ka dominsa ka koma wa'azi cin amanar mai aiki ne. Ɗan'uwa akanta ya ga kamar ana sanyaya mana gwiwa, ya ce in ba mu buɗe baki ba ta yaya za a ji bishara. Damuwarsa gaskiya ce, kuma na ji daɗin da mai jagora bai toshe masa baki ba. Amma ni ina ganin abin daga bakin gado. Mutumin da yake kwance yana jiran in ba shi maganin ciwo ba ya da ikon ce mini a'a. In na yi masa wa'azi a wannan hali, zai gyaɗa kai ne don yana bukatata. Majinyata kuma kowa da addininsa, kuma kowannensu amana ne a hannuna. In wani ya roƙe ni addu'a, ina yi, gajeruwa. In ya tambaye ni abin da na ba da gaskiya gare shi, ina faɗa ba ɓoye-ɓoye. In bai tambaya ba, ina yi masa addu'a a zuciyata yayin da nake wanke hannu kafin in taɓa shi. Kwas ɗin ya ba ni 'yancin daina jin laifi a kan haka.

Yanzu ga inda ya gaza.

Ayar da suka ɗauka take, wadda take saman kowane shafi, ita ce Kolosiyawa 3:23, cewa duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji muke yi wa, ba ga mutane ba. Aya ce da nake ƙauna. A mako na bakwai, wanda yake kan wahala a wurin aiki, uwar nan mai shara, wadda ba ta cika magana ba, ta buɗe baki. Ta ce watanni ke nan ba a biya ta ba. Ta hannun wani ɗan kwangila aka ɗauke ta, in ta je ofis sai a ce ta tambaye shi, in ta kira shi sai ya ce ofis ne bai biya ba, kuma ta san in ta matsa za a sa wata a gurbinta. Ta tambaya, a matsayinta na mai bi, me za ta yi. Mai jagoranmu mutumin kirki ne, na ga tausayi a fuskarsa. Ya ce mama ki yi haƙuri, ki ci gaba da yi kamar ga Ubangiji, ladanki yana wurinsa, sannan ya yi mata addu'a. Ban ga laifinsa ba, domin abin da ke cikin takardar jagora ke nan. Na koma na karanta darasin makon tun daga farko, babu ko layi ɗaya game da haƙƙin ma'aikaci.

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan maganar ba. Ayar taken ita kanta, in ka duba aya ta 22, ga bayi aka rubuta ta. Layi kaɗan a ƙasa, a 4:1, Bulus ya juya ga iyayengiji ya ce su yi wa bayinsu adalci da gaskiya, da yake su ma suna da Ubangiji a Sama. Kwas ɗin ya buga rabin farko a kowane shafi, rabin na biyu bai fito ko sau ɗaya ba. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya matalaucin ma'aikaci ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi, don kada ya kai kuka ga Ubangiji ya zama zunubi a kan mai aikin. Irmiya 22:13 ya yi kaito ga wanda yake sa maƙwabcinsa aiki ba lada. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Bulus da kansa, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, bai fita a ɓoye ba, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, mahukunta su zo da kansu su fitar da shi. Yana nan a Ayyukan Manzanni 16:37. Da a ce an karanta wa uwar nan waɗannan, da ta san cewa neman haƙƙinta ba rashin bangaskiya ba ne.

Tarihin ikilisiya ma yana da abin faɗa, kuma sun tsallake shi. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan halin ma'aikata, inda ya kare albashin da zai ishi mutum rayuwa da kuma 'yancin ma'aikata su kafa ƙungiya. A 1981 Paparoma John Paul na 2 ya sake rubutu a kan aiki, ya ce mutum mai aiki yana gaba da jari. Ko wace ɗarika mutum yake bi, wannan tunani ne na Kiristoci da ya kamata ya shiga kwas irin wannan. Sun kawo William Wilberforce a matsayin misalin wanda ya tuba a 1785, ya yi tunanin barin majalisar dokokin Birtaniya, wani fasto mai suna John Newton ya ba shi shawara ya zauna a inda yake. Daidai ne. Amma abin da ya zauna ya yi shi ne yaƙi da cinikin bayi har aka haramta shi a 1807, wato ya tsaya wa mutanen da ake sace guminsu. Darasin da kwas ɗin ya ciro shi ne kawai ka zauna a aikinka.

Ina jin zafin wannan ne domin a sana'armu ana amfani da maganar kira a matse mu. In ka nemi a ƙara hannu a ɗaki, ko ka ce ba za ka iya haɗa dare da rana ba hutu ba, sai a tuna maka cewa jinya kira ce. Lalle kira ce. Amma mai jinyar da ta gaji har idonta yana ganin biyu-biyu ita ce take kuskuren awon magani, kuma majinyaci ne zai ɗauki sakamakon. Kwas ɗin da yake koya wa ma'aikata su yi aiki da zuciya ɗaya, bai koya wa masu ɗaukar ma'aikata komai ba, yana iya zama makami a hannun azzalumi ko da masu shirya shi ba su nufa ba. Ana bukatar mako guda cur a kan wannan: yadda mai bi zai nemi haƙƙinsa da ladabi, a rubuce, da shaidu, ko ta ƙungiyar ma'aikata, da kuma abin da Allah yake bukata daga wanda yake biyan wasu. Bayan zaman, ni da ɗan'uwa akanta muka taimaka wa uwar nan ta rubuta takardar neman kuɗinta, da ranakun da ta yi aiki a jere. Mun kuma rubuta wa masu shirya kwas ɗin, sun amsa da ladabi cewa za su duba.

Makon hutu ma an rubuta shi ne da masu zama a kan tebur a zuciya. Shawarar ita ce ka rufe kwamfuta, ka kashe waya, ka keɓe Lahadi. Ni da direba muka yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ciwo ba ya sanin Lahadi, kuma wani dole ya tsaya a bakin gado yayin da sauran suke waƙa. Da sun so, akwai abin ƙarfafa mu. Yesu ya warkar da matar da ta shekara 18 a tanƙware a ranar Asabar, ya kuma kare abin da ya yi, a Luka 13:10-17. Maimaitawar Shari'a 5:14 ta ce a huta domin bawa da baiwa su ma su huta, wato nauyin ba da hutu yana wuyan mai gida. Masu bi na farko kuwa ranar aiki ce Lahadi a wurinsu, sai a shekara ta 321 sarkin Roma Constantine ya mai da ita ranar hutu. Wajen shekara ta 112 Pliny, gwamnan lardin Bitiniya a daular Roma, ya rubuta wa sarki Trajan cewa Kiristoci suna taruwa a wata rana tun kafin gari ya waye. A Ayyukan Manzanni 20 ana taro har tsakar dare, har barci ya kwashe wani saurayi a taga. Ikilisiya ta fara ne da mutanen da suke neman lokacin sujada a gefen aiki, kuma mai aikin dare yana bukatar ya ji haka.

Saurayin nan mai neman aiki kuwa, maganarsa ta yi ta raguwa mako bayan mako. An ware wa marasa aiki sakin layi ɗaya. Abin da aka faɗa a ciki daidai ne, cewa 2 Tasalonikawa 3:10 tana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki, kuma a Matiyu 20 waɗanda suka wuni tsaye a kasuwa sun ce babu wanda ya ɗauke su. Amma sakin layi ɗaya bai isa ba ga wanda kowane aikin gida yake ce masa ya rubuta ranar aikinsa. Haka uwar da take renon yara a gida, da mai jinyar tsohon mahaifinsa, da wanda ya yi ritaya, an ambace su ne a wuce.

Ta fuskar kayan aiki ba ni da ƙorafi mai yawa. Bidiyon yana cin data, amma akwai na murya zalla, wanda shi na fi amfani da shi a hanyar komawa gida. Takardun karatu a bayyane suke, ba a cika su da manyan kalmomin tauhidi ba, kuma kowace aya an sa inda take don mutum ya duba da kansa. Ba a naɗar zaman rukuni, kuma hakan ya yi kyau, domin da ana naɗa da uwar nan ba ta yi magana ba. Sai dai in ka rasa zama, ka rasa ke nan. Mai jagoranmu ya iya jawo masu shiru su yi magana, ya kuma iya tsayar da mai dogon bayani ba tare da ya kunyata shi ba.

Ina ba da shawarar kwas ɗin ga duk mai bi da yake jin cewa rayuwarsa ta rabu biyu, ta Lahadi dabam ta sauran kwanaki dabam. Ina kuma roƙon fastoci su shiga, ba a matsayin masu koyarwa ba, su zauna a rukuni su ji yadda membobinsu suke kwana da wuni. Wanda yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa ya shiga, amma ya karanta Kolosiyawa 4:1 da Yakubu 5:4 da kansa, domin kwas ɗin ba zai karanta masa ba. Wanda ake danne wa albashi ya shiga da sanin cewa mako na bakwai ba zai amsa masa tambayarsa ba, ya nemi shawarar ƙungiyar ma'aikatansa ko wanda ya san dokar aiki. In kuma aikinka na karɓa-karɓa ne, ka tambayi lokacin haɗuwar rukuni tun kafin ka ba da suna. Yawancin rukunonin da yamma suke zama, daidai lokacin da masu dare suke karɓar aiki, kuma ana iya sauya maka rukuni ne kawai kafin a fara mako na farko.